Yadda Za Ka Koyi Kalmomin Rawa da Koriyanci

Masu son K-pop, wato waƙoƙin zamani na Koriya, sun yi ta tambayata ta ina za su fara. Ga matakan:

1. Koyi Hangul, wato rubutun Koriyanci, tukuna. Haruffa 24 ne: baƙaƙe 14, wasula 10.

2. Haddace 춤, ana karanta shi "chum", wato rawa.

3. Haɗa shi da aikatau: "chumeul chuda", yin rawa.
Hattara! Kada ka ce "chumeul hada". Bahaushe ya saba da "yin rawa", sai bakinsa ya tafi ga "hada", wato "yi" da Koriyanci, alhali "chuda" ne abokin tafiyar "chum".

4. Ƙara "anmu", tsarin rawa, da "bakja", bugun kiɗa.

5. Ƙirga taku da ƙarfi: hana, dul, set, net, wato ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wannan matakin na fi so, domin ƙafa tana riƙe abin da kai ya manta.

6. Taka hagu, ka ce "oenjjok".

7. Taka dama, ka ce "oreunjjok".

8. Rubuta sunayen raye-rayen gargajiya: "buchaechum", rawar mafici, da "talchum", rawar rufe fuska. Duba yadda "chum" ke ƙarshen kowanne.

9. Kalli bidiyon malamin rawa ɗan Koriya, ka tsayar duk inda ka ji kalmar da ka sani.