Kurme da butel: abubuwan da za ka fara koya tun kana cikin ruwa iya ƙirji

Tun da na sa hoton nan nawa ina ƙarƙashin teku da tukunyar iska, wato butel, a baya, ƴan uwa da abokai na nan Maradi ba su bar ni na huta ba, wani ya ce in kawo mishi kayan ya gwada a tafkin Madarunfa, wani ƙanena kuma cewa ya yi "yaya ai ni tun ina yaro nake kurme a gulbi, kwana ɗaya ya ishe ni in ƙware". To shi wanga ƙane nawa shi ne ma ya fi ba ni tsoro, don abin da gulbi ya koya mana da damina muna yara, wato ka cika ƙirji da iska ka riƙe, ka nutse da ƙarfi, ka taso da gudu kafin numfashi ya ƙare, shi ne daidai abin da ke kashe mutum in yana shaƙar iska daga butel. Ni a Dakar na koya, wajen tsibirin Ngor, kuma kwanakin farko duk a ruwa marar zurfi muka yi su muna durƙushe kamar masu neman gafara, ana ta maimaita abu guda har ka ƙosa.

Kafin komi, ka iya iyo na gaskiya. Ba wai ka yi ta bugun ruwa kana fantsama ba. A tsarin PADI, ƙungiyar koyar da kurme wadda aka kafa a Amurka a 1966, sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, sannan ka zauna saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komi ba. Masu faransanci sun fi bin tsarin ƙungiyar CMAS da aka kafa a 1959, wanda Jak Kusto ya fara shugabanta, mutumin da shi da injiniya Emil Ganyan suka ƙera na'urar shaƙar iskar nan a 1943. Ko wanne ka bi za a gwada iyonka. In ka samu pisin, wato wurin iyo da aka gina, ko a Yamai ne in ka je, ka yi ta zirga-zirga a hankali har ka daina haki. Sannan ka ga likita. Mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai sikila (kuma mun san sikila ba baƙuwa ba ce a gidajenmu), mace mai ciki, duk waɗannan ba a ɓoye wa malami don kunya ko don kar kuɗin da ka biya su tafi.

Yanzu maganar iska, wadda in ka gane ta ka gane rabin aikin. Abin da ke cikin butel ba iskar asibiti ba ce kamar yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce kullum aka tace aka matse, kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan duk sauran nitrojin. A saman ruwa nauyin iska a kanka bar 1 ne (bar shi ne ma'aunin matsi, za ka ga an rubuta shi a jikin agogon butel). Ka sauka mita 10 ya zama 2, mita 20 ya zama 3. Duk iskar da ke cikin abu mai laushi, a mita 10 girmanta ya koma rabi, in kuma ka taso da ita daga can sai ta ninka. Malaminmu bai yi mana dogon bayani ba, gorar ruwa ta roba ya ɗauka wadda ba komi ciki, ya rufe ta gam, muka sauka da ita, ina kallo ta lotse ta yamutse kamar an taka ta da babur. A can ƙasa ya buɗe, ya hura mata iska ta koma daidai, ya rufe, muka taso. Kafin mu kai sama ta kumbura ta yi tauri tana neman fashewa, da ya murɗa murfin sai ji muka yi fus! Ya nuna gorar, ya nuna ƙirjina, bai ƙara ko kalma ba. Huhunka ke nan in ka shaƙa a ƙasa ka riƙe ka taso, kuma ba sai daga mita 10 ba, ko a cikin pisin yana iya yagewa. Shi ya sa doka ta farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, ka shaƙa a hankali ka fitar a hankali, kamar mai barcin rana bayan ya ci tuwo.

Kunne shi ne zai fara yi maka gardama. Tun daga mita 1 zuwa 2 za ka ji ana danna maka dodon kunne. Ka toshe hanci da yatsu biyu ta cikin robar maski, wato gilashin da ke rufe maka ido da hanci, ka hura a hankali kamar mai fyace majina cikin mutane, za ka ji ɗan ƙas a kunnuwa biyu. Wasu haɗiyar miyau ko motsa muƙamuƙi ke yi musu. Ka fara tun kana sama, ka riƙa yi kowace mita, tun kafin zafi ya zo. In ya ƙi buɗewa ka ɗan hau sama kaɗan ka sake gwadawa, in ya ƙi dai to yau ba ranarka ba ce, ka fito. Jarumtaka a nan dodon kunne take ci. Kuma in kana mura, irin wadda hunturu ke kawo mana da ƙura, ka haƙura har ka warke.

Sai maski, kuma a nan ne na sha kunya. Za a ce ka ɗaga shi kaɗan ruwa ya shiga, sannan ka fitar da ruwan kana ƙasa. Yadda ake yi: ka danne saman maskin a goshi da yatsu, ka ɗan ɗaga kai sama, ka shaƙa ta baki, ka fitar ta hanci a hankali ba tsayawa, iskar za ta kori ruwan ta ƙasa. A baki da sauƙi. Ni kuwa da ruwan gishiri ya taɓa min hanci sai jikina ya manta akwai baki, na zuƙa ta hanci, na shaƙe, idona ya rufe, ban san sanda na miƙe zan yi sama ba sai ji na yi an riƙe min igiyar riga an girgiza ni, malam yana nuna min bakinsa da yatsa yana fitar da kumfa a hankali. Zurfin wurin bai fi tsayina ba wallahi, amma zuciyata kamar ganga. Sai da na yi wajen kwana uku kafin abin ya zauna, har na kai ga cire maskin gaba ɗaya in yi minti guda ina numfashi ido a rufe in mayar. Wanga kam za ka iya fara shi tun a gida: ka samu baho ka cika da ruwa, ka sa bututun shaƙar iska a baki, ka tsoma fuska ba maski, ka yi ta numfashi ta baki hanci na cikin ruwa har ya daina damunka. Yaran gida za su yi maka dariya, bar su. Abu biyu ƙanana: kafin ka shiga ruwa ka tofa miyau a gilashin ta ciki ka goga ka ɗauraye, yana hana shi yin hazo, sannan masu gashin baki ku rage na ƙarƙashin hanci don ta nan ruwa ke sulalowa.

Abin da ke bakinka kana shaƙar iska da shi, wanda masu faransanci ke ce wa detandar, wata rana zai fita, ko ƙafar wani ta fizge shi. Ana koya maka ka cire shi da kanka ka jefar, kana fitar da ƴan ƙananan kumfa ta baki ba yankewa (ka tuna gorar nan), ka karkata dama, ka zagayo da hannun dama daga cinya zuwa baya zuwa gaba, tiyon zai rataya a hannunka. Ka mayar baki, ka hura da ƙarfi ko ka danna maɓallin gaba ruwan ciki ya fita, sannan ka shaƙa. Akwai na biyu mai launin ɗorawa da ke rataye a ƙirji, wannan na abokin tafiyarka ne in iskarsa ta ƙare, shi ma za ku yi ta gwada ba juna.

Wanda ya fi ɗaukar lokaci, kuma da shi ake gane wanda ya iya, shi ne tsayuwa tsakiyar ruwa, ba ka nutsewa ba ka tasowa. Kana da ɗamarar dalma da ke jan ka ƙasa, da riga mai shan iska, jile, da ke ɗaga ka. Sabon shiga yakan so a lafta mishi dalma don ya sauka da sauri, sai ya koma yana ta hura jile yana sacewa, yana tafiya a tsaye kamar mai tuƙa keke yana tayar da laka, iskarsa ta ƙare kafin ta kowa. Gwajin dalma a sama ake yi: ka sace jile gaba ɗaya da numfashi na daidai a ƙirji, ruwa ya tsaya maka daidai ido, in ka fitar da numfashin ka fara nutsewa a hankali. A ƙasa kuwa iska kaɗan-kaɗan ake sa wa jile, ka danna ka jira, don abin ba ya amsawa nan take. Sauran gyaran huhunka ne ke yi, ka shaƙa ka ɗan ɗaga, ka fitar ka ɗan sauka. Hannuwa ka naɗe su, ba a iyo da hannu, ƙafa ce ke aiki daga cinya, a hankali. Kuma in za ka hau sama ka riƙa sace jile, don iskar ciki na ƙaruwa, in ka bar ta za ta yi sama da kai kamar balan-balan.

Ƙarƙashin ruwa ba magana, sai hannu. Babban yatsa da manuni su haɗu su yi zobe, lafiya lau ke nan, tambaya ce kuma amsa ce, dole ka mayar. Babban yatsa sama ba "madalla" ba ne irin na Facebook, ma'anarsa mu hau, ni kaina na taɓa yi don murna na ga kifi aka fara shirin fita. Tafin hannu a shimfiɗe kana karkata shi, akwai matsala, sai ka nuna inda take. Hannu yana yanka wuya, iska ta ƙare. Kuma ba a shiga ruwa mutum ɗaya, kafin ku shiga kowa ya duba na ɗan uwansa, butel a buɗe yake, jile na sha yana sacewa, ɗamara za ta kwance da hannu ɗaya in ta ɓaci.

Ga ɗan lissafi don ka san mi ya sa ake ta cewa duba agogon butel. Butel mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 yana ɗauke da lita 2400. Bar 50 na ƙarshe, wato lita 600, ajiya ce, da ita ya kamata ka fito. Saura 1800. In mun ɗauka kana shan lita 20 a minti a sama, a mita 10 lita 40 ne, minti 45 ke nan, a mita 20 kuwa lita 60, minti 30 kacal, kuma mai tsoro ko mai gaggawa ya fi haka sha nesa ba kusa ba. Takardar farko ta PADI iyakarta mita 18, kar wani ya ja ka ƙasa da nan don a ɗauki hoto.

Tasowa kuma a hankali, kada ka wuce ƙananan kumfan da kake fitarwa, agogunan hannu na yanzu suna yin ƙara in ka wuce wajen mita 10 a minti. A mita 5 ka tsaya minti 3. Dalili shi ne nitrojin ɗin da ya narke cikin jininka a ƙasa yana son lokaci ya fita ta huhu, in ka yi sauri ya zama kumfa a jini da gaɓoɓi, yana iya shanye wa mutum ƙafafu. Rashin ruwa a jiki na ƙara haɗarin, don haka ni dai ba na ba kowa shawarar ya yi kurme mai zurfi da azumi a baki.

Mai maganar Madarunfa kuma, ɗan uwa, ruwan da ba ka ganin tafin hannunka, ga raga da ƙugiyoyin masunta, ga tsargiya da ake ɗauka a ruwan kwance, ba wurin koyo ba ne. Kuma don Allah kar wanda ya ɗauki butel ya kai wa mai faci ya cika mishi da injin hura taya, iskar nan akwai mai a ciki, in kuma hayaƙin janareto ya shiga, a ƙasa mutum zai suma ba tare da ya ji warin komi ba. Butel a wurin masu aikin ake cika shi, kuma ka duba hatimin ranar da aka gwada ƙarfinsa a wuyansa.

In ka gama ka ɗauraye kaya da ruwan daɗi ka shanya a inuwa, rana na cin roba. Sannan ka lura da tikitin komawa gida: bayan kurme ɗaya sai ka jira aƙalla awa 12 kafin ka hau jirgin sama, in ka yi da yawa ko kwanaki a jere awa 18, ni kwana guda cur nake bari, in yi amfani da shi in shiga kasuwa a Dakar in sayo wa mutanen gida tsaraba.