Yadda za ki rubuta labarin waɗanda aka bari a gida lokacin Yaƙin Hitila

In kina son ki gina labarinki na ƙawance da imani a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, toh shawarata ta farko kada ki bi soja zuwa fagen yaƙi a ƙasar Bama (Burma). Ki tsaya a Kano tare da matarsa. Sojojinmu sun tafi ne cikin runduna ta 81 a 1943 da ta 82 a 1944, yawancinsu ba su dawo ba sai 1946, kinga shekarun nan na jira su ne labarin ki.

Ki fara da sanin me ya shigo cikin gida. Gishirin kanti ya yi wuya, kananzir da yadi sun yi tsada, Turawa sun matsa a kan noman gyaɗa. Tun 1940 jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi, a Ghana ta yanzu, suna yada zango a Kano da Maiduguri kafin su wuce Khartoum zuwa Masar, dan haka yaran Fagge sun san ƙarar jirgi. Sannan akwai aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, aka riƙa ɗibar maza daga ƙauyuka, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Wannan kam marubuta ba sa taɓa shi kuma abin yana min ciwo, domin mace ɗaya za ta iya rasa miji a Bama ta rasa ƙani a Jos.

Yanzu ƙawance. Kada ki ce mana "aminan juna ne" ki wuce, ki ba su abin da ɗaya ke buƙata a gun ɗaya. A ce matar sojan, Hajara, tana kulle a cikin birni, wasiƙa ta zo da boko ita kuma ajami kawai ta iya, sai ta aiki yarinya Sabon Gari gun wata Kirista mai sayen man gyaɗarta ta zo ta karanta mata. Ki zaunar da su a tsakar gida, tabarma ɗaya, mai karatun ta zo wani layi ta ɗan yi shiru, Hajara ta ce "ƙawata, faɗa min yadda yake kawai", uwar miji kuma tana bakin ƙofar ɗaki ta kasa kunne. Shirun nan ya isa. Ki bari su saɓa ma, bashin sule biyu ko maganar dangi kan shigowar baƙuwa gidan kulle zai iya raba su wata guda.

Imani shi ne inda ake yawan zamewa, sai a mayar da babi guda wa'azi. Dan Allah ki bar addini ya fito a aiki, sadakar ƙosai ranar Juma'a, saukar Alƙur'ani da aka sa almajirai, tashin dare, azumi ba maigida. Kuma ki ba shi tambaya mai nauyi, misali labari ya yanke shekara biyu, ba gawa ba takardar saki, iyayenta na cewa ta je gun alƙali, ita kuma zuciyarta ta ƙi. Takaba wata huɗu da kwana goma ce ga wadda aka tabbatar mijinta ya rasu, amma matar wanda ya ɓace hukuncinta daban ne a Malikiyya kuma yana da rassa, ki je ki zauna da malami kafin ki rubuta wannan babin. Ƙawar tata ma ki bar ta da addu'arta da cocinta, ba dole sai wata ta canza addini ba kafin labari ya yi daɗi.

Ki kiyaye ƙananan abubuwa, ba naira sai 1973, kuɗin lokacin fam ne da sule da sisi da kwabo da anini. Sarkin Kano a lokacin Abdullahi Bayero ne. Labarin yaƙi yana zuwa ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, mutum ɗaya ya karanta a ƙofar gida sauran su saurara, mata kuma su ji daga bakin yara. In akwai tsohuwa a danginku da ta taso a gidan tsohon soja, ki kai mata goro ki kunna rikoda a wayarki tun kafin ki rubuta babi na ɗaya.