Hasken Kudu daga tashar sararin samaniya: kurakuran da aka fi yi

Sabon ɗan sama jannati yakan zaci duk sanda ya leƙa taga da dare zai ga Hasken Kudu, wato hasken launuka da ke bayyana a sararin sama a yankin ƙarshen kudancin duniya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS) tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, a tsayin kilomita 400, kuma ba ta wuce digiri 51.6 kudu da layin tsakiyar duniya. Shi kuwa hasken zobe ne kewaye da ƙarshen kudancin duniya da ya karkato wajen Ostareliya, don haka an fi samunsa idan tashar ta ratsa kudancin Ostareliya da New Zealand cikin duhu. 'Yan mintuna ne kawai. Wanda bai ɗaura kyamara tun da rana ba, kafin ya gama lalube an wuce. A wajajen Yuni da Disamba ma akan yi kwanaki tashar ba ta shiga inuwar duniya ba, sai haƙuri.

Barin fitila a kunne shi ya fi ɓata aiki. Gilashin tagogi bakwai na Cupola, ɗakin kallo na tashar, rufi-rufi ne, ko ɗan jan ɗigon fitilar kyamara sai ya fito a hoto sau biyu ko uku. A kashe komai, a lulluɓe kyamara da baƙin ƙyalle. Ido ma yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, alhali daren kansa a kowane zagayen tashar bai fi kimanin minti 35 ba.

Sai buɗe kyamara na tsawon lokaci kamar yadda ake yi a ƙasa. Tashar tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, saboda haka daƙiƙa 30 takan mayar da taurari da fitilun birane zare-zare. Ɗan sama jannati Don Pettit ya yi hakan da gangan a 2012, kuma ya yi kyau. Amma mai son hoto tsaf ya rage zuwa ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya ɗaga ISO (ƙarfin ɗaukar haske na kyamara), ya buɗe gilashin kyamara gaba ɗaya.

Masu kallon hotunan su ma suna ruɗewa. Siririn layin kore da ke bin gefen duniya sumul ba Hasken Kudu ba ne; iskar sama ce ke fitar da shi a tsayin kilomita 90 zuwa 100, kuma ana ganinsa ko'ina. Hasken Kudu yana da ninki kamar labule, kore a ƙasa, ja a sama da kilomita 200. Ɗigon da ke maƙale wuri ɗaya a kowane hoto kuma ba tauraro ba ne, tabon da ƙwayoyin makamashi masu gudu daga sararin samaniya suka bari ne a cikin kyamarar.