Kurakuran da ke sa a rasa gonar gado

Sau da yawa rigimar gonar gado a ƙasar Katsina daga kunya take farawa. Uba ya rasu, ba wanda ke son a ce shi ya fara tayar da maganar rabo, sai a bar gona a hannun babban wa. Wan ya rasu, 'ya'yansa da suka buɗe ido suka ga ubansu na nomawa su ce tasu ce, gado ya hau kan gado. A raba da wuri gaban malami ko alƙali, a fitar wa mata kasonsu ko suna aure a wani gari. Ko za a ci gaba da noma tare, kowa ya san nasa.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne shiru. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke bi akwai hauzi: in bare ya riƙe gonarka shekara 10 kana gari, kana gani, ba ka ce uffan ba, ba kuma abin da ya hana ka, da'awarka na iya faɗuwa. Tsakanin dangi akan kai shekara 40. Aro da jingina ba sa zama mallaka komai daɗewa, amma kai za ka tabbatar aro ne. Dattawan da aka yi a gabansu kuwa ƙarewa suke yi. Don haka a rubuta, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, maƙwabtan iyaka su shaida. Kuka da aduwa da ke nuna iyaka ba sa yin shaida in an sare su.

Wani kuma ya sayar da “kasonsa” tun ba a raba ba, musamman wajen Batagarawa inda birnin Katsina ya cim ma gonaki. Sauran magada na da haƙƙin shuf'a, su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓa, in ba su yi jinkiri ba.

Sai zaɓen kotu. Rabon gado na kotun shari'a ne, amma filin da ke da takardar mallaka ta gwamna, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, Babbar Kotun Jiha ke sauraren rigimarsa. Tambayi lauya kafin ka biya kuɗin ƙara. Kada kuma ka tumɓuke shuka ko ka rushe katanga ana cikin shari'a, za ka mayar da ƙarar fili ta zama ta laifi.