Yadda za ka jera kaya in za ka daji da kwari da baka lokacin hunturu

Duk wanda ya taɓa fita bayan garin Tahoua da asuba cikin Disamba ya san sanyin nan mai shiga ƙashi, amma kafin hantsi zufa ta fara karyo maka. To ga dabara.

Da farko ka sa riga siririya ta ulun merino, wadda ta kama jiki. Merino tumaki ne, asalinsu Sifen, yanzu Ostireliya ce kan gaba wurin ulunsu. Gashin laushi gare shi ba ya kaikayi, yana janye zufa kuma ba ya saurin ɗaukar wari, ka kwana biyu da ita babu komai. Kar ka sa ta auduga a ƙasa wallahi, in ta jiƙe sanyi za ta riƙe maka.

Sai ka ɗora tiriko, wato rigar sanyi ta saƙa, mai ɗan kauri, ka duba wurin 'yan gwanjo, ka karanta lakabin wuya ka ga da me aka yi ta.

A sama wadda ke tare iska, amma ka murza ta kusa da kunne tukuna, in tana ƙara kamar leda ajiye ta, zomo zai ji ka. Hannun ma kar ya yi fadi, tsirkiya na kama shi.

Rana ta ɗaga ka tuɓe ta tsakiya. Wanki kuwa ruwan sanyi, shanya a inuwa, kar ka murɗe.