Darasi na Tara: Yadda Ake Canza Filtar Mai a Gida

Tsakanin tankin mota da injinta akwai ɗan gwangwani da ake kira filtar mai. Shi ke tace fetur, yana tare ƙura da tsatsar tanki. Mai shan mai a wurin 'yan bumburutu filtarsa ta fi saurin toshewa, domin jarka da mazurari ba sa rabuwa da ƙasa. In ta toshe, mota takan riƙa shaƙewa wajen hawan tudu, ka taka totur ta ƙi ja, da safe kuma ta yi gardamar tashi.

Fara da gano inda filtar take. A tsofaffin motoci masu kabireta ta roba ce, tana cikin bonet. A masu injeta ta ƙarfe ce, a Golf 3 tana ƙarƙashin mota kusa da tayar baya ta dama. Motocin zamani da yawa kuwa filtarsu na cikin tanki tare da famfon mai. Irin wannan aikin makanike ne, kada ka taɓa.

Tanadi sabuwar filta irin ta motarka, da sifana, da filaya, da sukurudireba, da tsumma, da tsohon kwano, da bokitin yashi.

Zancen wuta shi ne babba a wannan darasi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, ido ba ya ganinsa. Yana iya rarrafawa daga zaure har murhun da ake girki a tsakar gida. Saboda haka a yi aikin a fili, nesa da gawayi da janareta da mai shan taba, kuma sai injin ya huce. A kori yara. In wuta ta kama, yashi ake zubawa. Ruwa yaɗa ta yake yi, domin fetur a saman ruwa yake yawo.

A mota mai injeta, man da ke cikin tiyo a matse yake ko da injin na kashe. Wanda ya kwance tiyo haka kawai, fetur zai feso masa a ido. Ga dabarar: cire fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta har ta mutu da kanta. Sai ka kashe makulli, ka cire kan batir mai alamar ragi, gudun tartsatsin wuta.

In sai ka shiga ƙarƙashin mota, kada ka amince da jak shi kaɗai. Tokare ta da ƙarfen tokari ko katako mai kauri, ka sa dutse a tayoyi.

Kafin ka kwance komai, dubi jikin tsohuwar filta. Za ka ga kibiya, ko haruffan IN a gefen da mai ke shiga daga tanki, da OUT a gefen da yake fita zuwa injin. Karanta su da kyau, ko ka ɗauki hoto da wayarka. Ajiye kwano a ƙasa, naɗe bakin tiyo da tsumma, ka sassauta kilif ko noti a hankali. In tiyon ya manne, murɗa shi kaɗan-kaɗan, ban da fizga. Tiyon da ya tsattsage a canza shi yau.

Zazzage tsohuwar filtar cikin kwanon ta gefen shiga. Baƙin mai da jan garin tsatsa da za ka gani, da duk cikin injinka za su.

Sa sabuwar, kan kibiya na kallon injin. In filtarka mai noti ce da wosha ta jan ƙarfe, sa sababbin wosha, tsofaffin yoyo suke yi. Ɗaure tamau amma kada ka cinye zaren noti.

Mayar da fiyus da kan batir. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ba tare da ka tayar ba, sau biyu ko uku, don mai ya cika filtar. Yanzu tayar, ka shafa busasshen tsumma a mahaɗar tiyo. Ko ɗigo ɗaya ka gani, kashe mota ka sake ɗaurewa.

Aikin gida: rubuta kwanan watan yau da lambar kilomita da ke kan dashbod a littafinka, sannan ka rubuta dalili biyu da suka sa ake cire fiyus da kan batir kafin a kwance tiyo.