Yadda Ake Haɗa Labarin Intanet da Murya, Hoto da Bidiyo

A ce edita ya tura ka Kasuwar Dawanau, can bakin hanyar Kano zuwa Katsina, ka kawo labarin tashin farashin hatsi, kuma ba ka da komai a hannu sai wayarka. Ta ishe ka, in ka san yadda za ka raba aikin.

Tun kana gida ka yi rabon. Farashin masara, gero da wake na rubutu ne, ko ɗan jadawali. Hada-hadar 'yan dako da lodin motoci ta bidiyo ce. Magidancin da ya zo awo kuɗinsa suka gaza kuwa, muryarsa ce za ta faɗi halin da yake ciki. Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne maimaici: rubutu ya faɗa, bidiyo ya sake, hoto ya nanata.

Da ka isa, kada ka fara da ɗaga waya. Nemi shugabannin kasuwa ka yi sallama, ka faɗi abin da ke tafe da kai. Kowa za ka ɗauka, nemi yardarsa tukuna, balle mata da yara.

Daga nan sai sauti, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Mutanenmu da rediyo suka tashi. Sashen Hausa na BBC kaɗai tun 1957 yake magana da su. Za su haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma muryar da ba ta fita, nan take za su wuce ta. Danna alamar jirgin sama da ke wayarka, mai rufe layi, don kada kira ya katse maka ɗauka. Ja mai maganar cikin shago, nesa da janareta, ka sa makirufon wayar kamar tsawon tafin hannu daga bakinsa. Saurari abin da ka ɗauka da abin kunne kafin ka sallame shi. Sannan ka yi shiru ka naɗi hayaniyar kasuwar na minti ɗaya, za ka buƙace ta wurin haɗawa.

Wajen bidiyo, goge gilashin kyamara, ka ba rana baya. Kana son abu ya fito kusa? Matsa da ƙafarka. Ɗauki kowane aiki ta fuska biyar, daƙiƙa 10 kowanne: hannun mai awo a kan kwano, fuskarsa, rumfar gaba ɗaya, ta bayan kafaɗarsa, sai wata kusurwa ta daban. Waya a tsaye, wato 9:16, ta TikTok ce da status na WhatsApp. A kwance, 16:9, ta YouTube.

Farashi kuma kada ka karɓa daga baki ɗaya. Tambayi aƙalla mutum uku, ka rubuta rana da ma'auni, don kwanon wani gari ba shi ne na wani ba. Hoton da aka turo maka, bi da shi ta Google Lens ko TinEye, masu binciken asalin hoto a intanet, ka ga ko tsoho ne.

In ka zauna tacewa a manhajar tace bidiyo, CapCut ko makamancinsa, fara da abin da ya fi ɗaukar hankali, ba doguwar gaisuwa ba. Sa rubutun maganar a kan bidiyon, domin da yawa a mota ko cikin taro suke kallo, ba sauti. Rubuta shi da kanka, ka kuma duba cewa salon haruffan yana fitar da ƙ, ɗ da ɓ. Wasu sai su maye gurbinsu da ɗan akwati.

Fitar da bidiyon a 720p, wato matsakaicin inganci mara nauyi, saboda masu ƙarancin data. Idan ta WhatsApp za ka tura wa edita, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ya dushe kafin ya isa.